Kafin Fure Ya Yi Yaushi: Sababbin Hanyoyin Ciniki a Sana'ar Furanni

Fure kayan gwari ne, kuma ko a cikin kayan gwari babu wanda ya kai shi rashin haƙuri. Tumatir in ya fara laushi ana yanka shi a shanya, albasa tana yin watanni a ajiye, amma furen wardi da ya sunkuyar da kai ya gama aiki. Ba a cin sa, ba a adana shi, ba a sayen sa ko da rabin kuɗi. Daga ranar da aka yanke shi a gona zuwa ranar da za a jefa shi a shara da wuya a yi mako biyu, kuma wani kaso na waɗannan kwanaki a hanya yake ƙarewa: ɗakin sanyi na gona, mota, jirgin sama, kasuwar sari, sannan firjin shago. Kwanakin da suka rage su ne jarin mai shago, kuma kullum raguwa suke yi.

A Turai da Amurka da Japan, mai shagon fure ya wuce ɗan kiri mai saye ya sayar. Mai sana'ar hannu ne. Yana saro furanni dami-dami, ya zage ganyen ƙasa, ya datse kara, ya jiƙa su a ruwa mai magani, sannan ya haɗa launi da launi, tsayi da tsayi, har ƙunshin ya dace da abin da za a yi da shi. Na amarya daban, na gawa daban, na dubiyar mara lafiya daban. Cinikinsa kuma ba ya tafiya bai ɗaya a shekara. Akwai ranar masoya, 14 ga Fabrairu, akwai ranar uwa, wadda a Amurka take faɗowa Lahadi ta biyu a watan Mayu, akwai Kirsimeti da watannin aure. A irin waɗannan ranaku mai shago ba ya samun damar zama. Sauran kwanakin shekara kuwa sai ya cika firji da kaya iri-iri yana jiran wanda bai san ko zai zo ba, domin shagon da babu zaɓi a cikinsa ba ya jan mai wucewa. Abin da ya yi kwantai, shara ce makomarsa.

Yadda mai saye ya kuɓuce wa mai shago

Raunin shagon fure na unguwa ya samo asali ne daga wata dabara da masu shagunan da kansu suka ƙirƙiro, kuma ta daɗe tana yi musu rana. A 1910 wasu masu shaguna 13 a Amurka suka haɗa ƙungiyar da aka fi sani da FTD. Tunanin mai sauƙi ne. Mutum yana New York, mahaifiyarsa tana Shikago, yana son a kai mata fure yau. Sai ya biya a shagon unguwarsu, shagon ya buga waya zuwa wani shago a Shikago, wancan ya haɗa furen ya kai, daga baya a yi lissafi tsakanin shagunan biyu. Fure bai yi tafiya ba, saƙo ne ya yi. Teleflora ta biyo baya a 1934, a Birtaniya da sauran Turai kuma tsarin ya yi suna da Interflora.

Rabon da aka saba yi shi ne, shagon da ya karɓi kuɗi ya riƙe kashi 20 cikin 100, kamfanin da ya haɗa su ya ɗauki wajen kashi 7, wanda ya yi aikin ya tashi da kashi 73. Muddin kowane shago yana aikawa kuma yana karɓa, rabon ba ya cutar kowa: abin da ka rasa yau a matsayin mai haɗawa, gobe ka same shi a matsayin mai aikawa. Lissafin ya lalace ne da aka sami masu aikawa kawai. Lambar waya ta kyauta ce ta fara buɗe ƙofar, kamar yadda Jim McCann ya gina kamfanin 1-800-Flowers a kanta a shekarun 1980, sannan intanet ta wangale ta. Sai ga kamfanonin da ba su taɓa jiƙa kara ɗaya a ruwa ba suna sayen talla a saman shafin Google, wasu ma da sunan da zai sa mai saye ya zaci shagon garinsu ne. Su karɓi oda, su riƙe kamashonsu, su ƙara wani kuɗin hidima da su kaɗai ke ci, su tura aikin ga mai shago na gaske. In odar ta dala 100 ce, dala 73 ke isa hannun wanda zai sayi furen, ya biya ma'aikaci, ya zuba mai a mota, kuma a ƙarshen wata ya biya kuɗin zama ɗan ƙungiya. Ba shi da mafita sai ya rage yawan furen. Mai karɓa ya ga abin bai kai na hoto ba, laifin kuma ya faɗa kan shagon da sunansa ke jikin katin. Ita kanta FTD ta daina zama ƙungiyar masu shaguna tun 1994, lokacin da aka sayar da ita ga masu zuba jari. A 2014 ta sayi kamfanin da ke da shagon fure na intanet ProFlowers a kan dala miliyan 430, bashi ya yi mata katutu, kuma a watan Yunin 2019 ta nemi kariyar kotu a matsayin wadda ta karye.

Ta wani ɓangaren kuma farashin furen kansa ya faɗi. A 1967 wani ɗalibi a jami'ar jihar Kolorado, David Cheever, ya rubuta cewa tudun Bogota a Kolombiya yana da duk abin da noman fure ke so: rana daidai duk shekara, sanyin tudu, ƙwadago mai araha, ga filin jirgi kusa, ga Miyami tafiyar 'yan sa'o'i. A 1969 shi da abokansa suka kafa Floramérica. Da Amurka ta cire harajin shigo da furen ƙasashen yankin Andes a 1991, a ƙoƙarinta na janye manoma daga noman ganyen da ake yin hodar ibilis, sai gonakin wardi da kaneshan na Kaliforniya suka yi ta rufewa. Yau kusan kashi 80 cikin 100 na furen da ake yankewa a sayar a Amurka daga waje yake zuwa, akasarinsa ta filin jirgin Miyami. Araha ta yi wa manyan kantunan kayan masarufi daɗi fiye da kowa, domin su ne ke iya sarin kwantena guda, a ƙunshe tun daga gona, su ajiye a bakin ƙofa kusa da lemo da burodi a farashin da ƙaramin shago ko sarowa ba zai iya ba. A Birtaniya ma kantunan nan su ne yanzu ke sayar da mafi yawan furanni.

Sai kuma jana'iza, wadda a da ita ce cinikin da ba ya yankewa. Ƙona gawa ya yaɗu a Amurka har ya wuce rabin mace-mace a wajajen 2016, zaman makoki ya gajarta, kuma ya zama ruwan dare iyalai su rubuta a sanarwar rasuwa cewa a ba da sadaka maimakon a aiko fure. Duk waɗannan suka taru. Shagunan fure a Amurka sun kai kimanin 27,000 a 1992, bayan shekara 20 ba su kai 15,000 ba.

San mai saye kafin a yanke fure

Duk dabarun da suka ɓullo daga 2010 zuwa yau, in an tona su, ɗayan abu biyu suke nema. Ko dai a san wanda zai sayi furen tun kafin a yanke shi, don asara ta ragu, ko kuma a sayar da abin da babban kanti ba shi da shi, wato hannun gwani.

Wadda ta fi fito da ta farkon a fili ita ce Christina Stembel, da ta buɗe Farmgirl Flowers a San Faransisko a 2010 da dala 49,000 na ajiyarta, a ɗakin cin abincin gidan da take haya. Ta lura cewa yawan zaɓi ne ke kashe shago. In kana tallan ƙunshi iri ɗari, dole ka ajiye furen da zai haɗa iri ɗari, kuma ta sha faɗin cewa abin da ake zubarwa ta haka yana kaiwa kashi 40 cikin 100. Sai ta yi tsarin ƙunshi ɗaya a rana. A lokacin, mai saye yana zaɓar girma ne kawai, abin da ke ciki kuwa duk wanda ya fi kyau a kasuwa ranar. Ana naɗe shi da tsumman buhun gahawa, ɗan aike ya kai a keke. Asararta ta koma abin da bai taka kara ya karya ba, kuma kuɗin da ta tsira da shi ta mayar da shi cikin ƙunshin, ya fi na kowa cika. Sai dai akwai alkawarin da ta kasa riƙewa. Ta fara da cewa furen Amurka kaɗai za ta sayar, amma da ciniki ya faɗaɗa manoman gida suka kasa wadatar da ita, daga baya ta fara shigowa da na waje.

Biyan kuɗin wata-wata ya ƙara matsawa gaba da wannan tunani. Freddie Garland ya kafa Freddie's Flowers a Landan a 2014: mutum ya yi rajista, duk mako a ajiye masa kwalin furanni a ƙofa, da takardar da ke nuna yadda zai jera su da kansa. Kamfanin ya san adadin kwalayen makon gobe tun yau, saboda haka yana gaya wa manomi abin da zai yanka daidai wa daida. Haka kuma ya sauya dalilin sayen, daga kyautar da ake yi sau biyu a shekara zuwa kayan gyaran ɗaki da mutum ke saya wa kansa. A Sin, inda kasuwar Dounan ta birnin Kunming ke ciyar da ƙasar da fure, kamfanoni irin su Flowerplus sun yi tashe daga 2015 da tayin ƙunshi huɗu a wata kan yuwan 99, suna kai wa ma'aikata har teburin ofis. Ƙaramin shago ma yana iya yin irin wannan ba tare da manhaja ba, kuma da yawa suna yi: kwangilar sauya furen otal, gidan abinci, ofishin lauyoyi ko coci duk ranar Litinin. Ribar kowane zuwa ba ta da yawa, amma tana biyan haya a watannin da babu biki.

Rauni ɗaya ke bin tsarin wata-wata duk inda ya je, shi ne mutane suna gajiya. Fure ba shinkafa ba ne. Da zarar aljihu ya matse, shi ake fara sokewa, kuma kamfanin sai ya sake kashe kuɗin talla a Facebook da Instagram don ya maye gurbin wanda ya fita. In kuɗin jawo sabon mai saye ya fi ribar watannin da zai zauna, to girman kamfanin girman asararsa ne, kuma yaƙin karya farashi irin na Sin ya nuna haka.

Bloom & Wild, wanda Aron Gelbard da Ben Stanway suka kafa a Birtaniya a 2013, matsalar kai kaya ya tunkara. Kai fure gida yana da tsada saboda dole a sami mutum a ciki. In babu kowa, ɗan aike ya koma da shi ko ya bar shi a rana. Gidajen Birtaniya kuwa suna da 'yar kafa a jikin ƙofa da ake zura wasiƙa. Sai kamfanin ya ƙera kwali mai faɗi marar kauri da zai shige ta wannan kafa, ya shimfiɗa furanni a ciki tun suna toho ba su buɗe ba, ya ba ma'aikatan gidan waya. Furen da bai buɗe ba ya fi jure tafiya, kuma ya fi daɗewa a tulun mai karɓa. Aikin jerawa, wanda shi ne mafi tsada a shago, ya koma hannun wanda aka aika wa, kuma aka tallata masa shi a matsayin nishaɗi. Wannan wayo ne na gaske. A 2019 kamfanin ya yi wani abu da ya jawo masa farin jini fiye da kowace talla: ya ba masu rajista damar cewa kada a aiko musu saƙon tallan ranar uwa, saboda wanda ya rasa mahaifiya ko haihuwa ta gagare shi, tunin ciwo ne a wurinsa. Dubban mutane suka karɓi tayin, wasu kamfanoni suka kwaikwaya. A 2021 ya sayi Bloomon na Holan da Bergamotte na Faransa.

The Bouqs Company a Amurka, daga 2012, ya tsallake kowa da kowa. A farkonsa, oda tana tafiya kai tsaye zuwa gonakin Ekwado da Kolombiya, a yanka, a ƙunshe, a ɗora a jirgi zuwa ƙofar mai karɓa. Babu ɗan sari, babu shago.

A nan ya kamata a bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Waɗannan kamfanoni sun farfaɗo da cinikin fure, sun jawo matasan da ba su taɓa shiga shagon fure ba. Shagon unguwa kuwa ba su ƙara shi da komai ba, illa ma sun raba shi da wani ɓangare na abincinsa. Tsohon dillali yana cin kamasho ya bar wa mai shago aiki, sabon ko aikin bai bar masa ba. Wanda ya fito da nufin gyara wannan shi ne BloomNation, da wasu abokai uku suka kafa a Kaliforniya a 2011. Kasuwa ce ta intanet inda kowane shago ke saka hoton aikin hannunsa, ya yanka farashinsa, kamfanin ya ɗauki kashi 10 cikin 100 kawai. Kafin a kai ƙunshi ana iya tura wa mai saye hotonsa, don kada a yi jayayya a kan abin da aka gani da abin da aka samu. Amfanin da ya fi ragin kamasho shi ne mai saye ya san sunan shagon da ya yi masa aiki, kuma in ya ji daɗi wurinsa zai koma.

Abin da kanti ba ya iya sayarwa

Furen da ke zagaya duniya an zaɓe shi ne don juriya. Wardin da zai kwana a kwali daga Naibasha ta Kenya ko Bogota dole ya zama mai tsayayyen kara da kauri, kuma sau da yawa ƙamshi ne abin da aka sadaukar wajen samar da irin. Akwai furanni masu yawa da ba sa jure wannan tafiya ko kaɗan, kamar daliya, wadda ba ta son kwali kuma ba ta buɗewa sosai in an yanke ta da wuri. Wannan giɓin ne ƙananan manoma suka shiga, waɗanda ke noma furen a kadada ɗaya ko biyu kuma su haɗa shi da kansu. A Amurka marubuciya Debra Prinzing ta ba tafiyar suna Slow Flowers, ta buga littafi da wannan suna a 2013, ta kuma buɗe kundin da mai saye zai nemi manomin da ke kusa da shi. A Birtaniya wata manomiya a Yokshaya, Gill Hodgson, ta kafa Flowers from the Farm a 2011, kuma ƙungiyar ta tara ɗaruruwan masu ƙananan gonaki.

Yadda suke karɓar kuɗi ya fi furen nasu ban sha'awa. Da yawa suna sayar da rabo tun lokacin sanyi: mutum ya biya kuɗin ƙunshi goma ko goma sha biyu a watan Janairu, ya riƙa karɓa mako-mako in bazararsu ta shigo. Manomi ya sami kuɗin iri da taki ba tare da zuwa banki ba, kuma ya san bakin da zai ciyar kafin ya yi shuka. Wasu suna sayar wa amare fure bokiti-bokiti su jera da kansu, wasu suna buɗe gona a shiga a tsinka a biya. Iyakar tsarin ita ce yanayi. Ranar masoya tana zuwa ne a Fabrairu, lokacin da gonakin arewacin Turai da Amurka ke daskare, wato ranar da ta fi kowace ciniki ita ce ranar da manomin gida ba shi da abin yanka. Abin lura kuma, wadda ta fi kowa suna a wannan fage, Erin Benzakein ta gonar Floret a jihar Washinton, ta karkata ga sayar da iri da littattafai da darussa ta intanet. Koyar da noman fure ya fi sayar da furen tabbas, domin darasi ba ya yaushi.

Masu haɗa fure a birane sun bi wata hanya mai kama da wannan, suka rabu da shagon bakin titi gaba ɗaya. Ɗakin aiki a lungu ko garejin gida, firji ɗaya, shafin Instagram a matsayin allon talla, ciniki kuma na aure da taron kamfanoni. Amarya tana kama rana watanni kafin biki, ta ba da kafin alƙalami, saboda haka ba a saro kara ɗaya sai an san inda zai tsaya. A lissafin da aka saba koyarwa a sana'ar, ana ninka kuɗin sarin fure sau uku ko huɗu, a ɗora ladan aiki a kai. Mai wucewa a titi yana ganin wannan tsada ce tunda ya ga farashin kanti, amma amaryar da ta zaɓi mai haɗa fure saboda salon hannunsa ba da kanti take gwada shi ba. Wahalar ita ce aikin na ƙarshen mako ne, na ɗaukar kaya da hawa tsani, kuma watannin da babu aure babu kuɗi. Shi ya sa da yawa suke cike giɓin da azuzuwan yamma, inda mutum goma ko sha biyar za su biya su koyi haɗa ƙunshi, kowa ya tafi gida da nasa. Furen da aka yi darasi da shi an sayar da shi ke nan, har da ladan kallo.

Wanda ya zaɓi ya riƙe shago kuwa sai ya sa wurin ya yi aiki fiye da ɗaya. Aoyama Flower Market, da ya fara a Tokyo a 1993, ya kafa ƙananan shaguna a tashoshin jirgin ƙasa da manyan kantuna, inda dubban mutane ke wucewa, yana sayar da ƙananan ƙunshi da aka riga aka haɗa, masu sauƙin kuɗi, na teburin cin abinci ko na bakin taga. Daga baya ya buɗe wurin shan shayi a cikin furannin. Haya ɗaya, ciniki biyu, kuma furen da ke jiran mai saye yana ƙawata wa mai shan shayi wuri kafin nan. Shaguna da yawa a Turai sun ƙara da tsirran tukunya, kyandir, kati da busassun furanni, kayan da in ba a saya yau ba suna nan gobe.

Batun muhalli ma ya zama hanyar bambanta kai. Koren soson nan da ake soka kara a ciki, wanda V. L. Smithers ya ƙirƙiro a Ohayo a 1954, roba ce da ke marmashewa ta bi ruwa. Ƙungiyar masu lambu ta masarautar Birtaniya ta hana amfani da shi a bukukuwan nuninta daga 2021, ciki har da na Chelsea, kuma masu haɗa fure da dama yanzu suna tallan cewa da waya da gansakuka suke aiki. A Indiya kuwa, kamfanin Phool da Ankit Agarwal ya kafa a Kanpur a 2017 yana kwashe furannin da aka gama ibada da su a gidajen bauta, waɗanda da kogin Ganga za a zuba su, mata su tsince su a shanya a yi turaren tsinke. Wannan ba ceton shagon fure ba ne, amma ya nuna cewa ko sharar sana'ar tana da kasuwa.

Kasuwar sari ita ma ta motsa

Duk abin da mai shago zai yi, yana rataye ne da inda yake saro kaya, kuma a Turai wannan na nufin Holan. Royal FloraHolland, ƙungiyar manoma da ta haɗe da kasuwar Aalsmeer a 2008, tana gudanar da gwanjo mai tafiya a juye. Farashi yana farawa daga sama yana saukowa a kan agogo, wanda ya fara danna maɓalli shi ya saya. In ka yi gaggawa ka biya da tsada, in ka yi jinkiri wani ya riga ka. An tsara shi haka ne don sauri, saboda kayan ba sa jiran ciniki mai tsawo. A da masu saye suna zama a tiyata suna kallon amalanken fure na wucewa. Yanzu hoto ake gani a kwamfuta, ana saye daga ko'ina, kuma cinikin kai tsaye tsakanin manomi da babban mai saye ya zarce wanda ke bi ta agogo. Ƙungiyar ta gina dandalin Floriday don kada wannan ciniki ya fita daga hannunta.

Watan Maris na 2020 ya nuna yadda igiyar take da tsinkewa. Da annobar korona ta rufe shaguna da iyakoki, farashi ya rushe a Aalsmeer, aka niƙe miliyoyin furanni, gonakin gefen tafkin Naibasha a Kenya suka riƙa zubar da wardi a rami suna sallamar ma'aikata. Cikin 'yan watanni kuma abin ya juya, domin mutanen da aka hana ziyartar juna sun koma aika fure, kuma wanda yake da shafin saye da hanyar kai kaya shi ya kwashi cinikin. Shagunan da suka daɗe suna jan ƙafa wajen shiga intanet sun shiga a dole. Bayan nan tsadar iskar gas ta 2022 ta sa wasu manoman Holan suka kashe ɗumama gidajen gilashinsu, kuɗin dakon jirgin sama kuma ya hau.

Tsadar jirgin sama ce ta sa manoman Kenya suka fara gwada teku. Ana sanyaya wardi zuwa kusa da daskarewa, a rufe shi a kwantena mai sarrafa iska, ya yi kusan wata guda daga Mombasa zuwa Rotadam yana barci. Ya fi araha, hayaƙinsa kuma bai kai na jirgin sama ba, ko da yake rikicin Bahar Maliya daga ƙarshen 2023 ya tilasta wa jirage zagayawa ta kudancin Afirka, kwanakin suka ƙaru. Furen teku yana buƙatar wanda zai yi oda makonni kafin ya gan shi, kuma masu iya wannan su ne manyan kantuna da kamfanonin wata-wata, waɗanda suka san adadinsu tun da wuri. Ƙaramin shago nasa sauƙin ta wata kafa ya zo. 'Yan sarin Holan yanzu suna da shagunan intanet da ke nuna abin da ke ƙasa a kowace sa'a, kuma suna sayar da dami kaɗan-kaɗan. Mai shago a wani gari na Jamus ko Faransa yana iya duba odar da ya karɓa da rana, ya sayi kara hamsin na wannan da ashirin na wancan da yamma, mota ta sauke masa kafin ya buɗe ƙofa da safe ko washegari. A Birtaniya hanyar ta ƙara tsawo tun ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai, domin daga 2024 wasu nau'o'in fure sai da takardar lafiyar tsiro, kuma ana iya tsayar da mota a kan iyaka a bincika ta.